Abin da na'urar leƙen ciki ta koya mini game da haɓon doki

Dawakin da ake kirana in duba saboda matsalar hanci, na folo ne ko na hawan sallah, ƙorafi uku aka fi kawowa a kansu: haɓo, majinar da ta ƙi tsayawa, da gurnani a lokacin sukuwa. Doki ba ya numfashi ta baki, saboda haka duk abin da ya taɓa hancinsa ko maƙogwaronsa ya taɓa ƙarfinsa gaba ɗaya. Na'urar da nake aiki da ita siririn bututu ne mai lanƙwasuwa, tsawonsa kamar mita 1, kaurinsa bai wuce santimita 1 ba, da fitila da kyamara a bakinsa.

Ba na farawa da allurar kwantar da doki, domin maganin yana rage motsin guringuntsin maƙogwaro har ya sa lafiyayye ya yi kama da mai ciwo. Mai kula da shi nake sa wa ya murɗe masa leɓen sama da igiya, sannan in zura bututun ta ƙasan kafar hanci, ina danna shi ƙasa da yatsa, don idan ya bi ta sama zai daki ƙasusuwa masu laushi, jini ya rufe kyamarar. Da na isa maƙogwaro sai in fesa ruwa kaɗan ya haɗiya, in ga ko guringuntsin biyu suna buɗewa tare. Mai gurnani kusan kullum ɓangaren hagu ne yake shanye masa, saboda jijiyar da ke motsa wannan ɓangaren ta fi tsawo, sai ta gangara ƙirji kafin ta dawo wuya.

Haɓo ne ya fi tsaya mini a rai. An taɓa nuna mini wani ingarma da jini ya zubo masa ta hanci ɗaya yana tsaye a barga, ba a hau shi ba, mai shi kuma ya ɗauka zafin rana ne tun da jinin ya tsaya da kansa. Doki yana da jakunkunan iska guda biyu a bayan maƙogwaro, manyan jijiyoyin da ke kai jini ka suna bi ta jikin bangonsu. Da na shiga jakar dama sai na tarar da fumfuna ta kafa a kan jijiyar, ga gudan jini manne da ita. Ban taɓa gudan ba, na janye bututun a hankali, domin shi ne abin da ya toshe ɓular da fumfunar ta yi wa jijiyar. Na gaya wa mai shi cewa wannan haɓo gargaɗi ne, na gaba zai iya kashe dokin cikin mintuna, kuma maganinsa tiyata ce ta toshe jijiyar, don haka a daina hawansa a kai shi asibitin koyarwa.

Jinin da ya biyo bayan gudu mai tsanani kuwa yawanci daga huhu yake, kuma ana ganinsa a bututun iska idan an leƙa tsakanin minti 30 zuwa awa 2 bayan sukuwa. A waje duka biyun haɓo ne, amma hukuncinsu ya sha bamban.

A cikin jakunkunan iskar nan na bayan maƙogwaro ne kuma mugunya take daskarewa bayan ciwon kumburin kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi, wanda ƙwayar Streptococcus equi ke haddasawa, doki ya warke a ido alhali yana ci gaba da harbar na kusa da shi. Wannan ya sa ba na zura bututun a hancin doki na biyu sai na wanke shi na jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da masu barga suna gaggawa, kuma wanda nake zargi da wannan ciwo shi nake dubawa a ƙarshe.