Coci-cocin ƙasar Waci a idon ɗan Zango

Wanda ya fita daga Lome, babban birnin Togo, ya bi titin bakin teku zuwa Aneho, sannan ya karya hagu ya nufi Anfoin da Vogan, ya shiga ƙasar Waci ke nan. Daga nan har Tabligbo da Afanyan, har a haye kogin Mono a faɗa Jamhuriyar Benin, duk ƙauyukansu ne. Ni ɗan Zangon Lome ne, Musulmi, goro nake kai musu in sayo garin rogo da manja. Tun ina riƙe wa mahaifina jakar kuɗi nake bin wannan hanya, kuma abin da ya fi sauyawa a gefenta shi ne alluna. Da can sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga gicciye ɗaya. Yanzu kusan kowace mararraba akwai allo ɗauke da sunan coci da lokacin sujada, wani an rubuta shi da fenti mai kyau, wani da gawayi a jikin katako.

Waci 'yan'uwan Ewe ne, harshensu ma dangin juna ne da na Ewe da na Mina. Su ma suna cewa daga Notse kakanninsu suka fito, lokacin da suka gudu daga hannun Sarki Agokoli da ganuwarsa. Manoma ne na masara da rogo da kwakwar manja, a kan jar ƙasar da ta gaji da noma, ga jama'a sun yi mata yawa. A ƙarƙashin ƙasarsu ake haƙo fosfat na Hahotoe da dutsen siminti na Tabligbo, amma in ka shiga ƙauyukan da ke kewaye ba za ka ce ana fitar da dukiya daga nan ba.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne tazarar da ke tsakanin zuwan 'yan mishan da shigar addininsu waɗannan ƙauyuka. Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya sauka Aneho tun 1843. Jamusawan mishan ɗin Bremen sun fara aiki cikin Ewe a 1847. Fadocin Katolika na Steyl sun iso Lome a 1892, kuma a 1910 aka gina babbar cocin Togoville a bakin tafkin Togo. Daga Aneho zuwa Vogan kuwa ba nisa, mai keke zai je ya dawo kafin la'asar. Duk da haka an shekara ɗari ana kaɗa ƙararrawa a bakin teku, cikin ƙasa kuma gangar vudu, addininsu na gargajiya, ce ke tashi.

Dalilin da na fi yarda da shi shi ne, mishan na farko na mutanen gari ne. Manyan gidajen Aneho suna son makaranta domin 'ya'yansu su zama akawu da tafinta a kantunan Turawa, sai makaranta da coci suka zo musu a haɗe. Manomin Waci ba ruwansa da aikin akawu. Shi yaron da aka kai makaranta hannu ɗaya ne ya rasa a gona. Sannan littattafan da Jamusawa suka shirya, har da Littafi Mai Tsarki da Jakob Spieth da abokan aikinsa suka gama fassarawa dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Ewe na yamma aka rubuta su. Mutumin Vogan yana ganewa, amma yana jin cewa baƙo ne ke magana. Da yaƙi ya zo aka kwashe 'yan mishan Jamusawa a 1917 da 1918, aiki ya koma hannun 'yan ƙasa da Faransawa, su ma suka fi tsayawa a inda aka riga aka share.

Katolika ne suka fi kutsawa ciki daga baya. A shekarun 1960 'yan ɗariƙar Saint Jean de Dieu suka buɗe asibiti a Afanyan, wanda har yau mutane ke zuwa daga Benin da Gana da Najeriya. Mu 'yan Zango ma can muke kai masu karaya da masu buƙatar tiyata, ba a taɓa tambayar ɗan'uwana addininsa ba kafin a ba shi gado. A 1985 Fafaroma John Paul na Biyu ya haye tafki a jirgin ruwa zuwa Togoville, ya kuma gana da shugabannin addinin gargajiya. A 1994 aka ba Aneho bishop nata. Wannan duk ya ɗaga darajar coci a idon mutane. Sai dai na sha ganin mara lafiya a kwance a gadon asibitin fada, ana ƙara masa ruwa, ga farin zare da wuri a ɗaure a damtsensa, danginsa kuma sun riga sun je wajen boka mai duba na Afa domin a gaya musu wane ne ya yi fushi.

Vudu a wurin mutumin Waci ba abin ranar Lahadi ba ne. A ƙofar gida akwai Legba, tarin ƙasa mai idanun wuri. Tsawa ta Hebieso ce, ƙuraje da annoba na Sakpata ne. Gonar da kake nomawa ta kakanni ce, kuma wanda ke zuba musu giya da jinin kaza shi ne ke raba gonar. Yarinya kan yi rashin lafiya, a duba a ce wani vudu ke sonta, a shigar da ita gidan tsafi watanni, ta fito da tsage a kafaɗa da sabon suna. Saboda haka wanda ya ce ya bari, ya taɓa gādo, ya taɓa aure, ya kuma taɓa batun wanda zai binne shi.

A nan dole in faɗi inda kasuwata ta shiga. Akwai wani reshe da suke kira Gorovodu, wanda ya shigo daga Gana a zamanin mulkin mallaka, mabiyansa suna cewa allolinsa daga arewa suka zo. Goro ne abincin waɗannan alloli. Idan bori ya hau mutum a wurin rawarsu sai ya sa riga irin tamu, wani har da hula da buta a hannu. Akwai kuma Mama Camba, inda iyalai ke girmama bayin da kakanninsu suka sayo daga arewa. Masu waɗannan gidaje suna cikin manyan masu sayen gorona, ba sa taya farashi, kuma sun fi son fari. Na taɓa tambayar wani malami a Zango hukuncin wannan ciniki, ya ce in sayar da goro in bar wa Allah zukata. Ina kawo wannan ne domin a ga cewa mutanen nan ba masu gudun baƙon abin bauta ba ne. Suna karɓa, su ba shi ɗaki a gefen na da. Abin da ke musu nauyi shi ne mai wa'azin da zai ce a rushe sauran ɗakunan.

Allunan nan sun yawaita ne bayan 1990. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Shugaba Eyadema ta haramta ƙungiyoyin addini da dama, ta bar 'yan kaɗan. Da siyasa ta buɗe sai coci-coci suka bazu: Assemblies of God, Baptist, Church of Pentecost daga Gana, Deeper Life daga Najeriya, masu fararen riguna na Celestial daga Porto-Novo, da wasu Amurkawa da suka tare da iyalansu suka koyi harshen. Yadda ake kafa coci a ƙauye kusan iri ɗaya ne. A nemi izinin mai gari da kwalbar gaisuwa, a fara taro a gindin bishiya da ganga da waƙa, wani lokaci a nuna majigi da dare. In mutum goma sun tsaya, a kafa rumfar ganyen kwakwa da benci huɗu. Kwano da bulo sai daga baya, in an samu mai bayarwa.

Rumfunan da na ga sun ruɓe suna da yawa. Galibi waɗanda aka ɗora wa fasto daga Lome ne, mai jiran albashi daga waje. Ran da kuɗi ya yanke ya ɗaure kayansa, akuyoyi su gaji bencin. Akwai kuma masu cika dare da lasifika suna korar mayu, waɗanda ke nuna tsohuwa da yatsa su ce ita ta ci jikanta. Irin waɗannan ba na ganin girmansu, domin tsoron da boka ke sayarwa shi suke sayarwa, farashi ne kawai ya bambanta.

Wadda na fi sani cikin waɗanda suka tsaya tana wani ƙauye a hanyar Vogan zuwa Tabligbo, inda nake auna gari a hannun wata dattijuwa. Shugaban cocin ƙanen mijinta ne, manomi, yana haɗawa da acaɓa ranar Juma'a, ranar kasuwar Vogan. Bai je makarantar fastoci ba sai 'yan kwasa-kwasan mako guda. Yana karanta nassi da Ewe, ya rufe littafin ya yi bayani da bakin ƙauyensu. Shekaru da yawa mutanensa ba su wuce cikin rumfa ɗaya ba, yawanci mata da yara.

Abin da ya juya lamarin mutuwa ce. Mijin wata daga cikin matan cocin ya faɗo daga bishiyar kwakwa ya mutu nan take. A al'adarsu wannan mummunar mutuwa ce, ba a kai gawar maƙabartar dangi, kuma akwai tsarkakewa mai tsada da za a ɗora wa matar, ga zaman takaba a ɗaki. Dangin mijin suka ce tunda ta ƙi al'ada, ta ɗauki gawar mijinta. Mutanen rumfar nan suka haɗa kuɗin akwati, mazansu suka haƙa kabari a gefen gonar shugabansu, matan suka kwana da ita suna waƙa har makonni. Da damina ta sauka suka yi mata gayya suka shuka masara. Ƙauye ya zuba ido yana jiran wanda zai fara mutuwa cikin waɗanda suka taɓa gawar. Aka girbe masara kowa na nan.

Dattijuwar da nake saye a wurinta ba ta shiga ba, har yau farin ƙyallen 'yan vudu ne a ƙugunta. Na ce mata, "Dada, ke me ya hana ki, ga ƙanen mijinki shi ne shugaba?" Ta ci gaba da juya gari a kasko ta ce, "Alhaji, ni na tsufa da sauya ɗaki. Wa zai ciyar da uwata in na tafi? Amma 'yata ta shiga ban hana ta ba. Na ga yadda suke binne nasu." Shugaban cocin kuwa da na tambaye shi yadda yake yi da mai mata uku in ya zo neman baftisma, sai ya yi dariya ya ce manyansu na Lome suna da doka a takarda, shi kuma yana duban mata biyu da yara takwas da za su rasa abinci in ya bi takardar, don haka yana barin mutumin ya zauna a benci, shugabanci ne kawai ba ya ba shi.

Mu 'yan Zango mun fi shekara ɗari muna zaune a gefen waɗannan mutane, muna sayar musu da goro da nama da yadi, wasu malamanmu har da layu. Masallatanmu suna bakin kasuwa, ba kasafai ake ganin ɗan ƙauyen Waci a sahu ba. Jana'izarsu ma in mun je, gaisuwa muke yi daga nesa mu ajiye abin da ya sawwaƙa mu koma rumfa.

Cocin ƙauyen nan ta sami kwano bara, da kuɗin gari da na wani ɗansu mai aiki a masana'antar siminti. Yanzu rigimarsu fili ce. Wanda ya ba su wurin ya rasu, 'ya'yansa sun ce ƙasar ta kakanni ce, ubansu ba shi da ikon kyautar da ita ba tare da an tambayi Afa ba. Maganar tana gaban mai gari, wanda shi kansa ke riƙe da kujerar tsafin ƙauyen, matarsa ta biyu kuma tana cikin mawaƙan cocin. Ya ɗage zaman zuwa bayan girbi.