Ɓurɓushin ƙarfe a bakin maganaɗisu

Lokacin da na shiga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, burina shi ne wata rana in ƙera jirgi mai saukar ungulu, kamar yadda Igor Sikorsky ya tayar da nasa VS-300 a 1939. Da na gama, aiki ya kai ni Fatakwal, wurin wani kamfani mai jigilar ma'aikata da jirage masu saukar ungulu zuwa rijiyoyin mai na cikin teku. Watannin farko ba abin da nake yi sai wanke injin don kada gishirin teku ya ci shi, da ɗaure notuna da siririyar waya, da ƙirga sufanu kafin a tashi. In sufana ɗaya ta ɓata, ba mai tafiya gida sai an gano ta. A raina ina ganin an raina karatuna.

Wata yamma maigidana, wani dattijon injiniya, ya sa ni in kwance toshiyar maganaɗisu da ke jikin akwatin giya. Aikinta kama duk wani ƙarfe da ya gutsure ya faɗa cikin mai. Na ga ɗan ɓurɓushi mai ƙyalli, bai kai ƙwayar gero ba. Har na ɗauko tsumma zan goge.

"Tsaya, yarona. Me ka gani?"

"Ɗan datti ne kawai, Yallaɓai."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauke ɓurɓushin da salatif, ya manna a takarda, ya sa gilashin ƙara girma. Sannan ya tambaye ni injin nawa jirgin yake da shi. Na ce biyu. Babban akwatin giya fa? Ɗaya. Nan jikina ya yi sanyi. In injin ɗaya ya mutu, ɗayan zai riƙe jirgin, ko duka biyun suka tsaya matuƙi na iya sauka da juyin da iska ke sa farfela ta ci gaba da yi. Amma ƙarfinsu duka ta wannan akwati ɗaya yake bi ya kai ga farfela. Ya ba ni labarin jirgin Chinook, wani babban jirgi mai saukar ungulu, da ya faɗa Tekun Arewa kusa da tsibiran Shetland na Birtaniya a 1986, mutum 45 suka rasu, kuma wata giya ce ta karye a cikin akwatin giyarsa.

Bayan haɗura irin wannan ne jiragen Tekun Arewa suka fara ɗaukar na'urar HUMS, wadda ke auna jijjigar giya da sauran sassa a kowace tafiya. Daren nan muka zauna gaban kwamfuta muka bi bayanan makonni, sai ga layin jijjigar yana hawa kaɗan-kaɗan. Aka dakatar da jirgin, aka aika ɓurɓushin gwaji, daga baya aka sauke akwatin.

Tun daga nan na karkata ga karatun jijjiga, na koma na ƙara lissafi da ilmin ƙarafa, abubuwan da a makaranta nake karantawa don jarrabawa kawai. Ƙirƙirar da nake nema a kan takardar zane, a nan na same ta: gane ciwon ƙarfe tun bai bayyana ba. Matasanmu masu son kwamfuta, ina so su san akwai gurbi a wannan fanni.

Yanzu ina da lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ni ke sa hannu kafin jirgi ya tashi. Makon jiya sabon ɗan koyo ya kwance toshiyar, ya kawo min ita a tafin hannu, bai goge ba.