Ya gama zaman Kirikiri amma Google bai sake shi ba

Mutum ya yi laifi, kotu ta yanke masa hukunci, ya je Kirikiri ko Ikoyi ya yi zamansa ya fito. Shekara goma bayan nan ka rubuta sunansa a Google, labarin ne zai fara fito maka, har da hotonsa da ankwa a hannu. Kuma kun san yadda Legas take yanzu, mai gida a Lekki ba zai ɗauki direba ko maigadi ba sai ya duba sunan a waya tukuna, haka masu ba da hayar ɗaki, kai har dangin yarinya in ana binciken aure. Yaranmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba su suka fi shan wannan wahalar don ba su da mai tsaya musu, wallahi abin yana ci mini rai.

A Turai sun daɗe da fara magance wannan. A 2014 wani ɗan Sifaniya, Mario Costeja González, ya yi nasara a kotun Tarayyar Turai kan wata tsohuwar sanarwar jarida ta 1998 da ta ce za a yi gwanjon gidansa saboda bashi, kotu ta ce dole Google ya daina nuno ta in an nemi sunansa. Ba a goge jaridar ba fa, labarin yana nan a ma'ajiyarta, hanyar da ke kai mutane gare shi da sunan mutumin kawai aka toshe.

Amma shari'ar da ta fi burge ni ita ce ta Ingila a 2018. 'Yan kasuwa biyu da suka taɓa zaman gidan yari suka kai Google kotu, aka ɓoye sunayensu ana ce musu NT1 da NT2. Alƙali ya ba na biyun gaskiya saboda wata shida aka ɗaure shi, ya amsa laifinsa ya nuna nadama, kuma laifin bai shafi harkar da yake yi yanzu ba. Na farkon kuwa shekara huɗu aka yanke masa kan maguɗin lissafin kuɗi, bai nuna nadama ba kuma yana ci gaba da hulɗar kuɗi da jama'a, sai aka ce nasa ya tsaya mutane su gani. Ni a ganina adalci kenan, a duba girman laifi, a duba daɗewarsa, a duba ko mutumin ya gyaru. Ɗan siyasar da ya wawure kuɗin jama'a kuma yana neman ƙuri'a, wannan kam ko kusa kada a goge masa komai.

Mu nan namu ya fi muni, don da yawa ma ba a taɓa yanke musu hukunci ba, holin su kawai aka yi gaban 'yan jarida, daga baya kotu ta sallame su babu wanda ya rubuta labarin sallamar. Jihar Legas ta haramta irin wannan holin a 2021, to amma hotunan da aka riga aka watsa fa?

Muna da dokar kare bayanan mutane ta 2023 wadda Tinubu ya sa wa hannu, ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, in an ƙi ya kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Sai dai dokar ta yi wa aikin jarida sassauci, kuma talakan da ke dako a kasuwa ina ya san da ita balle ya rubuta takarda? Nan ne nake ganin sarakunan Hausawa na unguwanni da ƙungiyoyin matasanmu ya kamata su shigo, a samu lauya ko ɗaya ne da zai riƙa zama da irin waɗannan yaran, a karɓo takardar kotu da ke nuna an sallame su ko sun gama wa'adi, a rubuta wa shafin da ya buga labarin, in ya yi kunnen uwar shegu a wuce hukumar.