Tarkon ƙamshi da sharon a gonar tumatirina

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ko Kura, a jihar Kano, a shekarar 2016 ba sai an ba shi labarin sharon ba, wato ɗan ƙwaron nan mai tashi da tsutsarsa ke cinye tumatir. Tsutsar tana shigewa cikin ganye ta yi ta ci daga ciki, kai kuwa kana ta feshi a waje, kuɗi na tafiya. Abin da ya kai ni ga tarkon ƙamshi ke nan.

Sirrin tarkon wata 'yar roba ce da ba ta kai kan yatsa ba, an jiƙa ta da irin ƙamshin da macen ƙwaron ke fitarwa don kiran namiji. Sai ka rataye ta a saman roba mai faɗi, ka zuba ruwa da ɗan omo, ka ajiye ƙasa-ƙasa tsakanin kunyoyi. Mazan su biyo ƙamshi su faɗa ruwa. Da sassafe na kan tarar da su birjik, 'yan ƙanana masu ruwan toka, sun rufe saman ruwan. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai sama da 200, don haka duk namijin da ya nutse riba ce.

Sai tarkon ya fara zuwa wayam. Na yi ta murna, har ina ce wa maƙwabcina, "Malam, na gama da su." Ashe ƙamshin 'yar robar ne ya ƙare. Mai shagon da ya sayar min ya rantse cewa guda ɗaya za ta kai ni ƙarshen kaka, ga su kuma a zube kan kanta, a shagon kwano, cikin zafin Maris. Ƙamshin nan mako huɗu zuwa shida yake yi a gona, zafi kuma yana rage masa kwana, shi ya sa ake ajiye wadda ba a buɗe ba a firji. Hancin ɗan Adam ba ya jin sa, ta ya za ka gane ya ƙare? Kafin malamin gona ya ankarar da ni, ganye ya yi fari-fari kamar an babbaka, 'ya'yan duk huji a gindin hanci. Har yau in na wuce ta gaban shagon nan raina ɓaci yake.

Yanzu ina rubuta ranar da na sa kowace roba a jikin tarkon, in canza ta ko da maza na faɗawa. In tarko ya yi shiru, ganye nake ɗagawa in duba ta hasken rana. Ruwan ma sai kana ƙarawa, don rana na shanye shi.

Kuma maza kaɗai yake kamawa. Macen da ta riga ta sadu da namiji a gonar maƙwabci za ta shigo taka ta zuba ƙwai, ko kallon tarkon ba za ta yi ba. Bana sai da na bi masu gonakin da ke kewaye da ni ɗaya bayan ɗaya kafin dashe, muka haɗa kuɗi muka sayo tare, daga wurin mai firji.