Abin da Rana, Gishiri da Yashi Ke Yi wa Lemar Shawagi

Lemar shawagi ba ta da inji, ba ta da ƙashin ƙarfe, kuma nauyinta bai cika wuce kilo 5 ko 6 ba, amma ita ce ke ɗaga mutum da kujerarsa daga kan dutse ta riƙe shi a sama na tsawon sa'o'i. Na koyi tuƙa ta a Oludeniz, kusa da Fetiye a kudu maso yammacin Turkiyya, inda ake tashi daga dutsen Babadag mai tsayin kusan mita 1,970, a sauka a bakin teku. Wurin yana yi wa matuƙi daɗi, sai dai ita lemar tana shan wuya a can, domin rana mai ƙuna da ruwan gishiri da yashi duk sun haɗu a wuri guda.

Malaminmu bai bar kowa ya hau dutse ba sai da muka daɗe a fili muna koyon ɗaga lemar a riƙe ta tsaye bisa kai. Yadin nailan ne ninki biyu, an raba tsakaninsu zuwa aljihuna masu buɗaɗɗen baki ta gaba, kuma iskar da ke shiga aljihunan ce kaɗai ke ba ta siffar fiffike. Saboda haka aikin matuƙi shi ne kada ya bari wannan iska ta zube: idan lemar ta yunƙura gaba sai ya ja birki, wato igiyoyin da ke janyo gefen bayan lemar ƙasa, idan ta koma baya sai ya saki. A ganina wanda hannunsa bai saba da wannan a ƙasa ba, har ya riƙa yi ba tare da ya ɗaga kai ya duba ba, bai kamata ya tashi ba, ko da ya haddace littafin darasi.

Gudunta idan ba a taɓa birki ba yana kusa da kilomita 37 a sa'a, don haka iska mai ƙarfi tana iya mayar da mutum baya. Mu masu koyo da safe ko da la'asar muke tashi, lokacin da iskar zafi mai hawa sama ta lafa. A Oludeniz ne kuma na yi horon da ake yi bisa teku, da rigar ruwa a jiki da jirgin ceto a ƙasa, inda malami ke umartar mutum ta rediyo ya karya gefen lemar da gangan, wato ya sa gefen ya naɗe. Darasin shi ne a karkata jiki zuwa gefen da bai karye ba, a riƙe alkibla tukuna, kafin a damu da buɗe wanda ya naɗe. Lemar da aka gwada ta samu matakin A a ma'aunin EN 926, wato ma'aunin Turai na gwada amincin lemar shawagi, takan buɗe da kanta. Masu matakin C da D kuwa suna neman gwanin hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, lema ta fi tsufa a ƙasa a kan yadda take tsufa a sama. Yadin yana da wani shafi siriri da ke hana iska ratsa shi, kuma hasken rana yana cin shafin nan a hankali, don haka ban taɓa barin tawa a shimfiɗe ina jiran iska ta gyaru ba. Nakan tattara ta in rufe. Zafin but ɗin mota ma illa ne. Igiyoyin da ke haɗa lemar da kujera, idan na zaren roba mai suna Dyneema ne, suna ƙanƙancewa, musamman na baya waɗanda ba sa ɗaukar nauyi sosai, har saitin lemar ya sauya ta rage gudu ba tare da mai ita ya sani ba, su kuma na wani zaren mai suna aramid tsawonsu ba ya cika canzawa, amma yawan lanƙwasa yana rage ƙarfinsu.

Yashi yana shiga aljihuna ya taru a baya yana goge yadin daga ciki, shi ya sa masu ƙira da yawa ke barin ƙaramar kafa a ƙarshen fiffike don a zazzage shi. Idan lema ta taɓa ruwan teku, wanda ba baƙon abu ba ne a wurin da ake sauka dab da gaɓa, ana ɗauraye ta da ruwan daɗi zalla, ba omo ba goga, a shanya a inuwa, domin gishirin da ya bushe a jiki yana yanka zare. Ba a naɗe ta da danshi. Ina kuma duba ciki kafin in naɗe, saboda fara ko wani ƙwaro da ya maƙale yana iya huda yadin yana neman mafita. Wajen naɗewa nakan jera bakunan aljihunan ɗaya kan ɗaya, kamar yadda ake jera ƙwarya cikin ƙwarya, don kada siraran sandunan roba da ke bakin gaba su tanƙware.

Ƙaramar yagewa da ba ta kusa da ɗinki ana iya liƙe ta da tef na musamman ciki da waje, amma igiyar da ta tsinke canza ta ake yi, ba a ƙulla ta. Sauran aikin na ƙwararru ne. Yawancin masu ƙira suna so a kai lema bincike duk shekara 2 ko bayan kimanin sa'o'i 100 na tashi, a auna tsawon igiyoyi da ƙarfinsu, a kuma sa na'ura ta ƙirga daƙiƙun da iska ke ɗauka kafin ta ratsa yadin. Lemar da iska ke ratsawa da sauri tana iya daina tafiya gaba ta riƙa sauka tsaye, ko da launinta yana nan garau. Lemar ko-ta-kwana da ke cikin kujera ita ma ina bayarwa a buɗe ta, ta sha iska, a sake naɗe ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Da na tashi sayen lemar shawagi ta hannu, takardar binciken ƙarshe na fara nema kafin in tambayi farashi, kuma na bar guda biyu masu kyan gani saboda masu su ba su da ita.