Sufa gulu a sandar tuƙin kekena

Keken da nake hawa keken guragu ne mai batir, ɗan Beljiyam, kuma duk rayuwata ta waje tana kan wannan ƴar sanda da ke ƙarƙashin hannuna na dama. Da ita nake fita daga gida, da ita nake zuwa teburin POS ɗina a Agege, da ita nake shiga sahu a masallaci. Hular robar da ke kan sandar ce ta fara lilo. Da farko juyawa kawai take yi a tafin hannu. Daga baya, in na faɗa rami ko na hau kan intalok da ya tashi, sai in ji ta zame sama kaɗan. Wanda ya san titunanmu a damina ya san hannu ba ya hutawa, ga zufa, ga laima, roba kuwa tana buɗewa da daɗewa.

Abin da ya sa na daina ɗaukar lamarin da wasa shi ne ranar da ta fita gaba ɗaya ina tsakiyar tsallaka titi, ga danfo na tahowa. Da zarar an saki sanda keken yana cin birki da kansa, haka aka ƙera shi, to sai na tsaya cak a inda bai kamata mutum ya tsaya ba. Da tsinin ƙarfen na ƙarasa tsallakawa.

Na aiki yaron ƴar'uwata ya nemo mai gyara, ya zo mini da wani mai gyaran waya a layinmu. Ina ba wata mata kuɗi, hankalina na kan na'ura, na ji yana cewa, "Alhaji, ai wannan ba aiki ba ne." Kafin in waiwayo ya matse rabin kwalbar sufa gulu a cikin hular, ya danna ta a kan sanda. Bai tambaye ni ba. Bai ma kashe keken ba. Ya ce in bar ta ta sha iska, ya karɓi na ruwa ya tafi.

Hular kam ta kama. Amma sufa gulu ruwa ne, kuma ba ya zama inda aka zuba shi. Ya bi jikin ƙarfen ya gangara kan robar nan mai lanƙwasa da ke rufe gindin sanda, ya taru a cikin ninkinta, ya bushe ya yi fari. Washegari na kunna keke, fitilun batir suka dinga gudu sama da ƙasa, taya ko motsi. Na kashe na kunna, duk ɗaya.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Na'urar tuƙin kekena VR2 ce ta kamfanin PG Drives na Ingila, kuma duk lokacin da aka kunna ta sai ta fara duba ko sanda na tsakiya. In ta ga ta karkata, tana ba ka daƙiƙa 5 ka sake ta, in ba ta koma ba sai ta ƙi tafiya. Tsaro ne, don kada keke ya zabura da mutum. To robar da gulu ya sandarar ita ta riƙe sandar a ɗan karkace, karkatar da ido ma ba ya gani. Na'urar ba ta lalace ba, aikinta take yi. Ni kuwa ina zaune a ɗaki, teburina a rufe, kwastomomi sun koma wajen maƙwabci. In za a kai ni ko'ina sai an saki liba biyu na injinan da ke juya tayoyin an tura ni, kuma keke mai batir biyu na bolt 12 ba abin da yaro zai tura ya haye kwata da shi ba ne.

Nan na fara neman sabuwar na'ura, nan kuma na ƙara jin haushi. An duba mini Idumota wajen masu kayan asibiti, an leƙa Ladipo, an tambaya a Alaba. Abin da aka samo mini da farko na wani kamfani ne, Dynamic, bakin wayarsa ma bai shiga nawa ba. Waɗannan na'urori ba a haɗa na wani kamfani da na wani, kuma ko a kamfani ɗaya akwai mai maɓallan fitila, akwai mai ɗaga kujera, akwai marar komai. Da aka samu irin nawa, kuɗin da aka faɗa ya fi cinikin da nake yi a wata. Saboda hula. Saboda abin da tef ɗin masu famfo zai gyara.

Wani dattijo mai gyaran injin ɗinki, ɗan unguwarmu, shi ya fitar da ni. Ya zauna ya daɗe yana kallon abin kafin ya taɓa. Ya sa aka kashe keken, ya zare wayar na'urar, ya kwance ta daga hannun kujera ya ɗora a cinyarsa. Hular dai ba ta ceto, da reza ya tsaga ta a tsaye ya ɓare. Gulun da ke jikin ƙarfe ya jiƙa auduga da ruwan goge jan farce ya riƙa dangwalawa, na'urar a kife don kada ɗigo ya koma ciki, domin wannan ruwan yana cin filastik. Robar gindi ya bi ta a hankali yana murzawa da yatsa yana ɓanɓare ɓawon. Ta ɗan tsage a gefe guda, amma sanda ta dawo tana komawa tsakiya da kanta. Ya ce, "Ɗana, Allah ya taimake ka bai kai ga sifirin ba." Da ya kai can ƙasa inda na'urar ke karanta motsin sanda, da sai saye.

Da muka mayar aka kunna, fitilu suka tsaya cik. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Gyaran hular kansa, wanda shi ne asalin maganar, bai kai a ba da labari ba. Yawancin hulunan nan dannawa kawai ake yi, a ja su fita, kuma da gangan aka yi su haka, don a iya canza robar gindi ko a sa wa mai raunin yatsu wata hula mai faɗi ko mai ƙaho biyu. Wasu kuma suna da ɗan ƙaramin sukuru a gefe da ake ɗaurewa da alanki, don haka ka juya hular ka duba kafin ka ja. Mun samo hula daga wata matacciyar na'ura, ita ma da ɗan sako-sako. Ya goge ƙarfen da sifirit ya bushe, ya naɗa farin tef ɗin masu famfo zagaye kaɗan a saman ƙarfen kawai, ya gwada, ya ƙara, har ta shiga da ƙyar. Yana dannawa yana riƙe da ƙarfen da ɗaya hannun, don kada nauyin ya sauka a cikin na'ura. Baƙin salatif na wayarin ya ce a bar shi, zafin Legas na narkar da danƙonsa hula ta koma tana santsi. In tef ya gaji, akwai siririyar robar nan da masu wayarin ke zura wa waya su ɗumama ta tsuke, amma da dirayar gashi, ba da ashana ba, kuma a kare robar gindi.

Gwajin farko a cikin gida na yi shi, gudu a mafi ƙanƙanta, gaba, baya, hagu, dama, ina sakin sanda ina duba ko ta koma.

Tsagar robar nan ce ta rage mini. Ta nan ruwa zai shiga, don haka in hadari ya haɗo sai in rufe na'urar da leda mai haske in zura hannu ta ƙasa, har in samu sabuwar roba. Mai gulun kuwa har yau in na wuce ta gaban shagonsa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, yaya aikina?" Shi a wajensa hular ba ta sake fita ba.