Masu zubar da shara da tsakar dare

Shekaranjiya da asuba na fito na tarar an jibge mana shara a bakin kwata: tsohuwar katifa, ɓaraguzan gini, da wasu buhuna da ban yarda na taɓa ba, don wa ya san ko akwai allura ko fasasshen gilashi a ciki? Karo na uku ke nan. Da sai dai mu ja tsaki mu wuce.

Wannan karon na ɗauki hoto, na rubuta rana da lokaci. Maƙwabcina, Allah ya saka masa da alheri, ya ga motar har ya riƙe lambarta. Na kai ƙorafi hukumar tsaftar muhalli, jibi zan sake leƙa su. Katifar dai tana nan, ta tare ruwa, sauro ya samu gida.